Filasta da raunin yara: a wanke kafin a manna

A gundumomin Agie, Gazawa da Gidan Rumji na jahar Maradi, yara kan ji ciwo a gona da hanyar makaranta, musamman a lokacin kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, sa'ad da kututturen gero da ƙaya ke jiran ƙafar da ba takalmi. Filasta, wadda ma'aikatan lafiya ke kira sparadrap, tana cikin kayan da iyaye ke fara nema. Sai dai ita ba magani ba ce, murfi ce kawai da ke tare ƙura da ƙuda.

Iri biyu ake samu a farmasi. Akwai ƙarama mai auduga a tsakiya, irin wadda Earle Dickson, ma'aikacin kamfanin Johnson & Johnson na Amurka, ya ƙirƙiro a 1920. Akwai kuma ta naɗi marar auduga, wadda aikinta riƙe bandeji. Wannan ta biyun ba a ɗora ta kai tsaye a kan rauni, domin wajen cirewa takan ɓamɓare sabuwar fata.

Mai kula da yaro ya fara wanke hannunsa da sabulu. Idan jini na zuba, ya danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 5 zuwa 10. Daga nan a kwarara ruwan sha a kan raunin har yashi da datti su fita, a wanke gefensa da sabulu, a tsane fatar, sannan a manna. A sauya filasta kowace rana, ko da zarar ta jiƙe ko gumi ya ɗaga ta. Ƙujewa ƴar kaɗan da ta bushe ba ta bukatar rufi. Ga ƙananan yara a sa ido, kada su cire ta su kai baki.

Toka, ƙasa, garin taba da kashin shanu ba su da wuri a kan rauni. Ƙwayar cutar tetanos, mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana yaɗuwa a ramin da iska ba ta shiga. Don haka rufe raunin da ba a wanke ba ya fi barinsa buɗe haɗari. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14 tana ɗauke da rigakafin wannan cuta. Yana da kyau a duba katin yaron.

A garzaya CSI mafi kusa ko asibitin gunduma idan ƙusa ko ƙaya ta nutse, idan bakin raunin ya buɗe, ko jini ya ƙi tsayawa bayan minti 10. Haka nan idan wurin ya kumbura, ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya. Cizon kare kuwa, a wanke shi da ruwa da sabulu tsawon minti 15, kada a liƙe shi, a tafi likita a ranar. Yaro mai tamowa ko sikila yakan daɗe bai warke ba, don haka kada a jinkirta kai shi.

Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyin gwamnati. Tsoron kuɗi kada ya sa a ajiye yaro a gida har ƙaramin yanka ya zama gyambo.