Bayani a kan Warƙa ta Tara: Shin Hatimin nan Daga Annabi Idrisu Yake?

A gefen warƙa ta tara, kusa da hatimi mai gida tara, mai kwafe littafin ya ƙara layi guda da ajami, yana cewa asalin wannan ilimi daga Annabi Idrisu ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Bai ambaci inda ya ciro maganar ba. Mun tsaya a kanta ne saboda har yau da ita ake kafa hujja. Tun da aka gano zinari a Tchibarakaten, can arewacin jihar Agadas kusa da iyakar Aljeriya, a shekara ta 2014, almajiri da ke zaune cikin masu haƙa yana iya haɗuwa da mai neman a buga masa ƙasa ko a zana masa hatimin sa'a kafin ya shiga rami, in ya yi jinkiri a ce masa ai gadon annabi ne. To, ya kamata ya san inda maganar ta faro.

Ka sani, ya kai ɗalibi, Alƙur'ani ya ambaci Idrisu a wuri biyu, cikin Suratu Maryam da Suratul Anbiya'i. Ya siffanta shi da gaskiya da annabci da haƙuri da ɗaukakar matsayi, bai jingina masa lissafin taurari ko hatimi ba. Jinginawar ta yaɗu ne ta hannun Abu Ma'ashar al-Balkhi, masanin taurari na Bagadaza, wanda ya rasu a 272 Hijira (886). A cikin Kitabul Ulufi ya ce masu suna Hirmisu uku ne. Na farko ya rayu kafin Ɗufana, shi ne Idrisu. Ya hango ruwan zai zo, sai ya gina ɗakunan dutse a kudancin Masar ya sassaƙa ilimomi a bangonsu don kada su ɓace. Na biyu a Babila, na uku a Masar bayan Ɗufana. Ibnu Juljul da Sa'id al-Andalusi suka ɗauko wannan daga gare shi, daga nan ya shiga littattafan tarihin likitoci da masu hikima. Akwai kuma Sabi'awan Harrana, masu girmama taurari, waɗanda suke lissafa Hirmisu cikin annabawansu. Mutanen da ke buƙatar a karɓe su cikin daular Musulunci, samun annabinsu a cikin Alƙur'ani ba ƙaramar riba ba ce a gare su.

Masu falsafa ma sun yi irin wannan. Abul Hasan al-Amiri (ya rasu 381/992) ya rubuta cewa Anbaduƙlisu Bayunane ya yi karatu wajen Luƙmanu a zamanin Annabi Dawuda, Fisagurasu kuma ya ɗauka daga sahabban Annabi Sulaimanu. Manufarsa a fili take: in hikimar Yunan daga fitilar annabci aka kunno ta, to Musulmi da ya karanta ta kayan gidansu ya karɓo.

Ɗaya ɓangaren kuwa sun riƙe aya ta 102 ta Suratul Baƙara, wadda ta wanke Sulaimanu daga sihiri, ta mai da koyar da shi ga shaiɗanu, ta ambaci Haruta da Maruta a Babila. Ibnu Khaldun (ya rasu 808/1406) a Muƙaddima ya bi sawun sihiri da ɗalasimai zuwa ga Kaldaniyawa da Nabaɗawa da Ƙibɗawa, ya sa ilimin asirin haruffa a kusa da su, ya kuma rushe da'awar masu cewa suna juya ƙarfe ya zama zinari. Hujja mafi ƙarfi ga masu jinginawa ga annabi ita ce hadisin Mu'awiya ɗan Hakam as-Sulami a Sahihu Muslim, inda aka ambaci wani annabi da ya kasance yana zane a ƙasa, wanda zanensa ya dace da nasa to ya dace. Hadisin bai kama suna ba. Wasu masu sharhi ne suka ce Idrisu ne. Imamu Nawawi ya fassara shi da hani, domin babu hanyar da za mu tabbatar zanenmu ya dace da na annabin. Ka lura da wannan da kyau: ko da an sallama cewa asalin daga annabi ne, wannan bai halatta abin da yake hannun mai duba na yau ba.

Wannan jayayya ba a Gabas kaɗai aka yi ta ba. Shehu Magili, wanda ya ratso ta Abzin ya zauna Kano da Katsina kafin ya tafi Gao, ya tsananta cikin amsoshinsa ga Askiya Muhammadu a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen rairayi da taurari. Amma bayansa da shekara wajen ɗari biyu, Katsinar nan ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya zama jigo a wannan fanni har a Masar. Ya yi karatu wajen malamai irin su Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ya yi hajji, ya zauna Alƙahira, ya rasu a 1154 (1741) a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rubuta tarjamarsa da yabo. Ya yi rubutu a kan hanyoyin cika hatimi masu gidaje mara, aikin da masana lissafi suke duba shi har yanzu a matsayin lissafi zalla. Babban littafinsa, ad-Durrul Manzum, a kan as-Sirrul Maktum na Fakhruddin ar-Razi (ya rasu 606/1210) ya gina shi. Shi kuwa littafin Razi, tun da can ana rigima a kansa: Zahabi ya kira shi sihiri, Tajuddin as-Subki ya musanta cewa Razi ne ya rubuta shi. Abin da ke cikinsa mafi yawa ayyukan masu kiran taurari ne irin na Sabi'awa. Wato silsilar da ake iya bi da takarda, daga Katsina ta bi Razi ta tsaya Harrana da Babila. Ba ta wuce nan zuwa ga Idrisu sai da maganar Abu Ma'ashar.

A Sakkwato an samu ra'ayi biyu cikin gida ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi mai suna Tanbihu Ahlil Fuhum, yana wajabta nisantar masu rufa-ido da masu duban taurari. Ɗan 'yar'uwarsa, Abdulƙadir ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen Nana Khadija, ya karanta falsafa da ilimin haruffa, ya rubuta al-Futuhatur Rabbaniyya da Kulliyyatul Alamis Sitta. Sai dai a cikin al-Uhudu wal Mawasiƙ ya ɗaukar wa kansa alkawarin gina aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani, da kuma barin kiran mutane zuwa ga abin da ya sani na ilimin masu falsafa, don tsoron kada su ɓata. A ganina wannan shi ne matsayin da ya fi nauyi cikin duk waɗanda muka kawo, don mai shi ya shiga ɗakin ya ga abin da ke ciki kafin ya yi magana.

Sai mu koma ga hatimin kansa. Lambobi ne daga 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, yana ba da 15, jimilla kuma 45. Masu fannin suna cewa 45 adadin sunan Adamu ne (alif 1, dal 4, mim 40), 15 kuma na Hawwa'u (ha 8, wawu 6, alif 1). Lissafin daidai ne. Amma 45 ɗin nan shi ne kuma adadin Zuhal, shi ya sa masu taurari suka ba tauraron wannan hatimi. Ga shi kuma mutanen Sin sun san jerin nan tun kafin Musulunci, ba su da Larabci, ba su da abjadi. A littattafan Larabci ana samunsa cikin rubuce-rubucen da ake dangana wa Jabir ɗan Hayyan da Rasa'ilu Ikhwanis Safa, kafin a haifi Imamu Gazali da ake kiran hatimin da sunansa.

Akwai wani abu da duk almajirin da ya haɗa littafin Masar da na gida ya taɓa cin karo da shi. Ƙidayar haruffa iri biyu ce. A wajen mutanen Gabas sin 60 ne, sad 90, shin 300, gain 1000. A ƙidayar Magrib, wadda malamanmu suka gada, sad ne 60, dad 90, sin 300, shin 1000. Suna ɗaya, kamar Sulaimanu, sai ya ba da adadi biyu masu nisan 240 a tsakaninsu, kowane kuma da hatimin da za a gina a kansa. Mai cewa ilimin ya sauko daga Idrisu ba tare da canji ba, shi ke da nauyin faɗin wacce ce ta Idrisu.

Mun bar layin mai kwafe yadda yake a gefen warƙar, ba mu shigar da shi cikin matani ba, domin tawadarsa da hannunsa sun bambanta da na asalin littafin. Lambobin hatimin da ke warƙa ta goma kuwa da ƙidayar Magrib aka lissafa su, a kanta ne za a karanta su.