Shugaba da Mabiya a Masana'antar Jiragen Yaƙi: Waiwaye Kan Kamfanin Lockheed

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka suka tabbatar cewa Jamusawa sun yi nisa wajen ƙera jirgin yaƙi mai injin jet. Sai suka nufi kamfanin Lockheed da ke garin Burbank a Jihar Kalifoniya, shi kuwa kamfanin ya ɗora nauyin aikin a kan wani injiniya, Clarence Johnson, wanda aka fi sani da Kelly. Ya zaɓi mutane 'yan kaɗan, aka kafa musu tanti a gefen masana'anta, cikin kwana 143 suka miƙa jirgin XP-80. Wannan sashe shi ne ya shahara da sunan Skunk Works.

Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, me ya sa mutane suka yarda su yi aiki ba dare ba rana haka? Idan muka duba ƙa'idoji 14 da Johnson ya shimfiɗa, za mu ga amsar. Ya rage yawan rahotanni da sa hannun manya. Ya zaunar da masu zane kusa da makanikai, ta yadda in an sami kuskure a takarda, mai riƙe da sifana zai tako ya faɗa wa mai fensir baki da baki. Ya kuma ce a biya mutum gwargwadon nagartar aikinsa, kada a duba yawan waɗanda ke ƙarƙashinsa. An san shi da zafin rai, amma ma'aikata sun san shugabansu ya san aikin, yana kuma ganin gumin kowa. Da wannan tsari suka fito da jirgin leƙen asiri U-2 a 1955, da SR-71 a 1964.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A manyan ofisoshin kamfanin wata al'ada ce daban. A 1971 sai da gwamnati ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 250 don kada ya durƙushe. A 1975 da 1976 kuma asiri ya tonu cewa ya ba manyan wasu ƙasashe cin hanci don su sayi jiragensa, har aka kama tsohon Firayim Ministan Japan, Kakuei Tanaka. Ƙananan ma'aikata ba su ci nanin ba, nanin ta ci su, domin sunan da suka gina da guminsu ne ya zube.

Shi kansa sirrin da ya haɗa kan ma'aikatan Skunk Works ya zame musu kaifi biyu. Mutum ba shi da ikon gaya wa ko matarsa abin da yake yi. A shekarun 1980 ɗaruruwan ma'aikatan Burbank suka kai kamfanin ƙara, suna cewa sinadaran da suke aiki da su sun jawo musu cututtuka.

Mu marubuta mun saba kallon tarihin yaƙi ta fuskar janar-janar da shugabannin ƙasa. Amma tarihin Lockheed ya nuna mana cewa ƙwazon ma'aikaci amana ce da yake bai wa shugaban da ya san darajarsa, kuma ana iya cin wannan amana daga sama. Duk wanda zai rubuta labarin wata ma'aikata, to ya fara sauka wurin masu sifana ya saurare su.