Tulunan Turaren Girkawan Da

Turaren Girkawan da mai ne. A man zaitun suke jiƙa furanni da saiwoyi masu ƙamshi, kuma da yake yana da tsada, sai magina suka yi masa ƙananan tuluna masu matsattsen wuya, yadda ba zai fito ba sai ɗigo-ɗigo.

Birnin Koranti ne ya fara yin suna a wannan sana'a. Tun wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maginansa suke gina wani ɗan tulu da ake kira aribalos, fatake na lodinsa a jiragen ruwa zuwa Italiya da Sisili. A Koranti aka ƙirƙiro zanen baƙi: a shafa siffar mutum ko dabba, sannan a tsaga layukan jikinta da tsinke. Baƙin nan kuwa ba fenti ba ne. Tataccen yumɓu ne, wanda ke rinewa idan aka toshe wa matoya iska, ya kuma zauna a haka ko da an sake buɗewa.

Tulun da ya fi burge ni yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, an yi shi wajen shekara ta 640 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsawonsa bai wuce santimita 7 ba, kamar tandun kwalli, bakinsa kan zaki ne. A wannan ɗan fili mai zanen ya jera mayaƙa fiye da 15, kowa da irin tambarin garkuwarsa, ƙarƙashinsu sukuwar dawaki, can ƙasa kuma karnuka sun taso zomo. Wanda ya yi wannan aiki bai rubuta sunansa ba.

A ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) birnin Atina ya ƙwace kasuwar, wasu magina suka riƙa sa hannu. Niyarkos ya rubuta sunansa a wani aribalos wajen 570, wanda yanzu yake New York. A ƙarni na 5 aka yawaita dogayen tuluna masu farin jiki, lekitos, da ake ajiye wa mamaci a kabari. Wasu har da ɗan ƙaramin mazubi a ɓoye a wuya, don mai kaɗan ya cika su.

Yawancin masu zanen sai a ƙarni na 20 aka rarrabe su, lokacin da John Beazley na Jami'ar Oxford ya bi yadda kowannensu ke zana kunne, idon sawu da lanƙwasar tufa, ya raɗa musu laƙabi.