Wasiƙar Soyayyar Da Ta Rikita Duniya A Shekarar 2000

Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurara ba.

Kwanakin baya wani link ya shigo min daga lambar ƙanwata, wai ana rabon data kyauta. Na kira ta na ce, "Ke, mene ne wannan kika turo min?" Ta ce, "Wallahi Yaya ban turo maka komai ba." Ashe ita ma a wani group ta gani, ta danna, ta rubuta musu lambobin da suka shigo wayarta, shi ke nan aka ƙwace mata WhatsApp. Abin da ya tuna min da labarin da zan ba ku yau ke nan.

Ranar 4 ga Mayun 2000, ma'aikata a ƙasashe daban-daban suka buɗe imel ɗinsu suka tarar da saƙo mai taken ILOVEYOU, wato ina son ka, ɗauke da fayil wai wasiƙar soyayya ce. Kuma ba daga baƙo ya fito ba, daga abokin aiki ne ko wani da ka sani. To wa zai ƙi buɗewa?

Ga inda dabarar take. Sunan fayil ɗin ya ƙare da .txt.vbs, amma Windows na ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutum ya ga .txt ya ɗauka rubutu ne kawai. Alhali manhaja ce. Kana dannawa za ta lalata maka hotuna da wasu fayiloli, sannan ta shiga jerin adireshin da ke cikin Outlook ɗinka ta tura kanta ga kowa, da sunanka. Cikin 'yan kwanaki ta kama miliyoyin kwamfutoci. Majalisar dokokin Birtaniya da ma'aikatar tsaron Amurka sai da suka rufe imel ɗinsu, asara kuma aka ƙiyasta ta da biliyoyin daloli.

Da aka bi sawu, sai ga shi a Manila, babban birnin Filifin. Wanda ake zargi ɗalibin kwamfuta ne ɗan shekara 24, Onel de Guzman. Amma ba a hukunta shi ba, domin ƙasar ba ta da dokar da ta haramta irin wannan aiki a lokacin. A watan Yunin shekarar aka sa hannu kan dokar, sai dai doka ba ta cin laifin da ya riga ta.

Bayan kusan shekara 20 ɗan jarida Geoff White ya gano shi a wani ɗan shagon gyaran waya a Manila. Ya amsa cewa shi ya rubuta ta, ya ce niyyarsa ya saci kalmomin sirrin mutane ya riƙa hawa intanet ba biya, don ba shi da kuɗi. Kun ji fa! Neman intanet kyauta ne ya haifi wannan bala'i, yau kuma da data kyauta ake yi mana tarko.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, ba ƙarfin kwamfuta yaron nan ya karya ba. Zuciya ya nufa: kwaɗayi, son jin ƙwaƙwaf, da yarda da wanda ka sani. Har gobe da su ake cin mu. Jiya wasiƙar soyayya, yau tallafi, gurbin aiki, ko "duba hotonka a nan".

Don haka idan link ya zo daga ɗan uwa, kira shi tukuna ka ji. Fayil ɗin da aka ce hoto ne ko takarda amma ya ƙare da .apk, manhaja ce, kar ka buɗe. Manhaja kuwa ka sauke ta daga Play Store ko App Store. Lambobin da ake turowa wayarka, ko wa ya nema, kar ka bayar.

Ƙanwata ta dawo da layinta na WhatsApp, amma kafin nan an roƙi mutum uku kuɗi da sunanta, ɗaya har ya tura. Ku karanta wa iyayenmu wannan, su aka fi samu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.