Habbatus Sauda da Masu Gadin Ƙwaƙwalwa: Daga Kabarin Fir'auna Zuwa Ɗakin Gwaji

Da wuya ka shiga gida a Jiratawa, Tibiri ko cikin garin Maraɗi ka rasa kwalbar man habbatus sauda. Wasu tsarabar Makka ce, wasu a kasuwa suka saya. Kwanan nan kuma saƙonni na yawo a WhatsApp cewa wai kimiyya ta tabbatar tana warkar da ciwon ƙwaƙwalwa. Tun da lafiyar ƴaƴanmu ce a gaba, ya kamata mu bi tarihin maganar tun daga tushe.

Ƙwayar tsohuwa ce ƙwarai. An same ta cikin kayan kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu fiye da shekara 3,300 da suka wuce, aka kuma gano kabarinsa a 1922. Falalarta ta zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA). Ibn Sina ma ya ambace ta da sunan shuniz a littafinsa Alƙanun, wanda ya kammala a 1025. Sai dai a duk ƙarnonin nan ba a san wane sinadari ne ke aiki a cikinta ba, sai a 1963 da wani masani ɗan Masar, El-Dakhakhny, ya ware shi daga manta. Sunansa taimokwinon.

Ɗaya ɓangaren labarin ya faro ne a Sifen. A 1919 likita Rio Hortega ya bayyana wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa, ya sa musu suna maikurogiliya. Su ne masu gadin gidan: suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna kai wa cuta farmaki. Idan sun hango abokin gaba, sai su saki sinadaran da ke haddasa kumburi. Kumburin ɗan lokaci kariya ne, amma in ya daɗe bai lafa ba, mai gadi ya koma yi wa gida ɓarna. Shi ya sa ake danganta irin wannan kumburi da cutar mantuwa ta tsofaffi da cutar karkarwa.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne a ɗakin gwaji. A 1990 wasu masana a Italiya suka samar da maikurogiliyar ɓera da ke rayuwa tana hayayyafa cikin faranti. A 2017, a Jami'ar Huddersfield ta Ingila, ayarin Dakta Olumayokun Olajide, ɗan Najeriya, ya tsokane waɗannan ƙwayoyi da gubar bakteriya, ya zuba musu taimokwinon, sai sinadaran kumburin suka ragu. Masu bincike a Jami'ar Florida A&M ta Amurka ma sun ga makamancin haka.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙwayar ɓera ce, a faranti, aka zuba mata tataccen sinadari da awo. Cokalin mai da yaro ya sha sai ya bi ta hanji da hanta, sannan ya tarar da shingen da ke tace abin da ke shiga ƙwaƙwalwa daga jini. Taimokwinon ba ya narkewa sosai a ruwa, haske na lalata shi, kuma yawansa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba.

Tsiro yana zama magani, amma da haƙuri. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da atemisinin daga tazargade a 1972. Sai da aka kwashe wajen shekara 30 ana gwaji kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan zazzaɓin cizon sauro da muke karɓa a asibiti yau. Binciken habbatus sauda kan ƙwaƙwalwa yana matakin farko na irin wannan tafiya.

Mu kuwa muna zaune ne a yankin sanƙarau. A 2015 kaɗai cutar ta kama mutum kusan 8,500 a Nijar, ta kashe fiye da 500. Sanƙarau ma kumburi ne, na fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya bar yaro da kurumta.

Don haka iyaye, mai son habbatus sauda a zuma ko a kunu ya ci gaba da abinsa. Amma yaron da ke da zazzaɓi mai zafi, wuyansa ya sanƙare, ko yana taune-taune, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa masa mai ana jiran gobe. Mu malamai kuma, duk ɗalibin da ya kawo labarin sabon magani, mu koya masa tambaya uku: a kan wa aka gwada, mutum nawa, kuma wa ya sake gwadawa ya ga haka?