Kurman Yaro da Harshen Gidansu: Wane Tallafi Iyaye Suka Fi Buƙata?

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, wato mafi yawansu suna tasowa a gidan da babu wanda ya iya zance da su. A ƙasar Hausa, sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunnen da aka bari har ya yi mugunya suna ƙara yawan irin waɗannan gidaje, ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji ga yara abu ne da ake iya karewa.

Idan abin ya auku, dangi da maƙwabta sukan zo da jaje da sunan mai magani. Tausayi ne, babu shakka. Sai dai yayin da ake yawon neman waraka, shekarun farko da ƙwaƙwalwar yaro take kama harshe cikin sauƙi suna wucewa, kuma yaron da ya rasa harshe a wannan lokaci yakan daɗe yana fama da karatu da mu'amala. Don haka nake ganin babban tallafin da iyali suke buƙata shi ne harshe, tun da wuri.

Harshen kuwa muna da shi. Maganar hannu ta daɗe a tsakanin kuramen Kano, tana da nahawunta, kamar yadda Constanze Schmaling ta nuna a littafinta na shekarar 2000. Makarantu dai sun bi wata hanya dabam. Tun da Andrew Foster, kurma ɗan Amurka, ya buɗe makarantarsa a Ibadan a 1960, isharar da ta samo asali daga Amurka ce ta mamaye azuzuwa, har ta iso makarantar kurame ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka kafa a 1977. Sai yaro ya dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta sani ba. Wannan giɓi yana da ciwo, domin ita ce ya kamata ta fara jin kukansa.

Masu cike giɓin suna cikin unguwanninmu: manyan kurame, teloli da kafintoci da 'yan kasuwa masu riƙe da gidajensu. Uban da ya zauna da irinsu zai daina ganin bara a matsayin makomar ɗansa. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a 2019, ba za ta shiga tsakar gida ta koya wa uwa ishara ba. Masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya su ware wuri da lokaci, su ɗauki kurame a matsayin malamai da albashinsu, su gayyato iyaye da 'yan'uwan yaran su zo su koya.