Waiwaye: Yaƙi da Jahilci

A wannan makon za mu waiwayi Yaƙi da Jahilci, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar a farkon shekarun 1950, Malam Ahmadu Coomassie na cikin jagororinsa. Manoma da masu sana'a, wasu da furfurarsu, sukan taru da yamma su koyi karatun boko da lissafi.

Magabatanmu sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, mantawa zai yi. Shi ya sa hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano. Talaka ya iya duba rasidin harajinsa da kansa, ya rubuta wasiƙa ba tare da wani ya ji sirrinsa ba.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta farfaɗo da aikin a Kano, ta kafa Hukumar Ilimin Manya, har UNESCO ta ba ta lambar yabo.

Yau saƙon banki ya maye gurbin rasidin haraji. Iyayenmu nawa ne ke miƙa wa wani wayarsu ya karanta musu? Mu nemo musu aji mafi kusa, gemu ba ya hana ilimi.